Hannun Malam na Dama

Talata, 4 ga wata, 7:10 na safe

Nas ɗin da ta sallame mu ta ce in nemi littafi in riƙa rubuta lokacin magani, don kada na safe ya haɗu da na rana. Ga littafin. Fari ɗaya, ja rabi, ƙarfe bakwai. Ya sha.

Kwana tara muka yi a asibiti. Ba zan rubuta abin da ya faru a shago ba. Waɗanda suka ɗauko shi sun riga sun ba unguwa labari, har da ƙari. Abin da ya dame ni shi ne mijina, Malam, ya dawo gidansa. Yana gane kowa. Ƙafa tana ja amma tana tafiya. Magana tana fitowa ɗaya-ɗaya. Hannun dama ne ya ƙi. Mutumin da ya shekara talatin yana gyaran agogo, yana ɗaukar sukurun da ni sai na sa tabarau nake ganinsa.

Likita ya ce yatsu biyu suna ɗan motsi, wai alama ce mai kyau. Sun ba ni wata takarda mai zane-zanen hannu da ranakun zuwa wurin likitar gashi, mai motsa gaɓoɓi. Na sa ta a durowa. Mara lafiya hutu yake buƙata. Wannan ko yaro ya sani.

Laraba, 5 ga wata, 4:30 na yamma

Yarinyar nan ta iso daga makaranta, jaka a baya, takalmin gudu a ƙafa. Na ce gidan mara lafiya kika zo ko filin wasa? Ta cire ta ajiye a bakin ƙofa. Ta durƙusa ta gaida ubanta. Ya daɗe yana juya baki kafin ya ce, "Barewa." Tun da abin ya faru bai kira sunan kowa ba sai nata, shi ma na tsokana, wanda ya laƙaba mata saboda gudu.

Shekara biyu ke nan tana karatun da suke kira kimiyyar wasanni da motsa jiki. Ni ma na yi sakandare. Na yanka kwaɗo a aji, na haddace ƙasusuwan jikin mutum, har yau in aka tashe ni zan jera su. Ban taɓa jin inda tsalle-tsalle ya zama kimiyya ba. Makinta ya isa ta karanta harhaɗa magunguna. Ubanta ne ya sa mata hannu a takardar ina kasuwa. Da wannan hannun.

In maƙwabta suka tambaya, cewa nake aikin asibiti take karanta. Allah ya yafe mini.

Juma'a, 7 ga wata, 11:15 na safe

Masu dubiya tun da sassafe. Na yi masa wanka, na sa masa fararen kaya, na ɗora hannun a kan matashi na lulluɓe da ƙyalle mai tsabta. Ba kowane ido ya kamata ya ga komai ba. Yaya, wato yayarsa, ta zo ta zauna. Ta ga ina ba shi shayi a baki da cokali, ta ce, "Ƙanena ya yi sa'ar mata." Ban yi don a yaba ba.

Da ɗaki ya yi sauƙi yarinyar nan ta biyo ni kicin.

"Umma, ina takardar da suka ba ki a asibiti?"

"Tana inda na ajiye ta."

"Akwai abubuwan da ya kamata ya fara tun yanzu. Makonnin farkon nan su ne..."

"Su ne na hutu. Ko kin fi likita ne?"

"Ai likitan ne ya ba da takardar."

Na ce bakinki ya yi tsawo tun da kika tafi makarantar nan. 'Ya'yan yanzu da sun karanta shafi biyu sai su fara yi wa iyayensu gyara.

Asabar, 8 ga wata, 1:00 na rana

Ya ci abinci. Ya sha magani. Takardar ba ta cikin durowa.

Lahadi, 9 ga wata, 5:20 na yamma

Na je yin shanya na tarar rabin makaman shanyata ba sa nan. Ashe suna ɗakin Malam. Yarinyar nan ta zube su a kan tire, ta ajiye kwano a gefe, wai ya ɗauka da hannun dama ya jefa a ciki. Ga ta a durƙushe da agogon nan na auna gudu.

Na san agogon. Wani malamin wasanni ne ya kawo gyara shekarun baya, bai dawo ya karɓa ba. Tana da shekara tara ta gano shi a shago. Daga nan babu wanda ya sake hutawa. Ta auna minti nawa ruwa yake yi kafin ya tafasa. Ta auna minti nawa nake yi ina faɗa. Ta riƙa kama wuyan hannun masu kawo gyara tana ƙirga bugun jini, ta sa su haura matakalar shago su sauko, ta sake ƙirgawa, ta rubuta a bayan kwali. Manyan mutane da furfurarsu. Shi kuwa sai dariya yake, wai yarinya tana son sanin yadda abu yake aiki, kamar shi. Na gaya masa tun lokacin, wanda ya bar yaro ya raina baƙi, wata rana shi za a raina.

Yau ga shi. Gumi a goshinsa, leɓe yana rawa, makamin shanya yana zamewa. Ita kuma tana cewa, "Saura kaɗan, Baba. Sake."

Sake. Ga ubanta.

Na kwashe kayana na fita. Na ce idan an gama wasan 'yan nazare, abinci ya sauka.

Talata, 11 ga wata, 9:00 na safe

Yau ne ranar farko da aka rubuta mana mu je wurin gashi. Ba mu je ba. Ba zan fito da shi yana jan ƙafa a gaban masu shagunan layin nan ba. In ya ƙara ƙarfi ma je. Ta ce za ta nemo mota har ƙofar gida. Na ce na gama magana.

Agogon bango bakwai ne a gidan nan, duk na mutanen da suka gaji da jira suka bar masa. Shi yake murɗa su kowace safiya. Uku sun tsaya. Ban san ta inda ake murɗa su ba.

Alhamis, 13 ga wata, 3:45 na rana

Zan rubuta, don kada wata rana a ce ba haka aka yi ba.

Na fita sayen sabulu. Minti ashirin. Na dawo tare da Yaya, a hanya muka haɗu. Muka shiga ɗaki muka tarar da Malam a kan kujera, hannunsa na hagu, mai lafiyar, an naɗe shi da ɗankwali an ɗaure a jikin kujera. A gabansa kofin ruwa. Gaban rigarsa sharkaf. Yana ta tura kofin da ɗaya hannun kamar mai korar ƙuda, ita kuma tana riƙe da agogo.

Yaya ta dafe ƙirji ta ce, "Yau na ga abin da ya fi ƙarfina. Ɗaure shi kuka yi?"

Na kwance ɗankwalin. Ban san na iya kwance ƙulli da sauri haka ba.

"Umma, ki tsaya ki ji. In mai lafiyar yana sake, da shi zai riƙa yin komai, ɗayan kuma..."

"Ubanki ne, ba dokin tsere ba."

"Na tambayi malaminmu, ya ce tunda yatsun suna motsi..."

"Malaminku ya je ya ɗaure nasa uban."

Malam yana ta son ya ce wani abu. Na ce, "Yi shiru abinka, na zo, babu mai sake taɓa ka." Na goge masa jiki, na canza masa riga, na ba shi ruwan da hannuna.

Abin da na gaya mata a tsakar gida tsakanina da ita ne. Uwa ba ta ba 'ya haƙuri a kan tarbiyya.

Juma'a, 14 ga wata, 6:50 na safe

Ta tafi da motar farko. Dama karatu yana jiranta.

Litinin, 17 ga wata, 12:30 na rana

Gida ya yi tsit. Ya ci abinci. Ya sha magani. Babu mai sa shi gumi.

Tun kafin ya miƙa hannu na san abin da yake so. Shekara ashirin da shida ba wasa ba ne. Ruwa, na kawo. Rediyo, na kunna. Ƙaiƙayi a kafaɗa, na sosa. Wannan shi ne jinya, ba a koyonsa a jami'a.

Alhamis, 20 ga wata, 4:10 na yamma

Tana kira kullum bayan la'asar. Ta gaishe ni, in amsa. Ta ce, "Yaya jikin Baba?" In ce da sauƙi. Ta ce, "Kun je wurin gashi?" In ce ki mai da hankali ga abin da ya kai ki. Daga nan sai ɗayanmu ya kashe wayar.

Yaya ta ce na yi daidai. Ta ce a zamaninsu ko inuwar uba ba a tsallakawa. Na san na yi daidai. Ban san me ya sa take ta maimaita mini ba.

Malam ya rage magana. Taga yake kallo.

Lahadi, 23 ga wata, 8:20 na safe

Wajen wanka na zo wanke masa tafin hannu, yatsun sun dunƙule. Da sai in ɗan ja su buɗe. Yau sai da na sa ƙarfi, ya ja numfashi ta haƙori. Cikin tafin ya yi fari, da ɗan wari. Na wanke, na shafa mai, na mayar kan matashi, na lulluɓe.

Sanyin safiya ne. Gaɓoɓi sukan yi haka.

Talata, 25 ga wata, 8:15 na safe

Na sa ruwan ɗumi. Haka suke.

Laraba, 26 ga wata, 8:30 na safe

Ya ci abinci. Ya sha magani. Na ce ya motsa mini yatsu biyun nan in gani. Ya kalli hannun, ya daɗe yana kallo. Sannan ya kalle ni.

Juma'a, 28 ga wata, 2:40 na rana

Ina canza zanen gado na ga wani ɗan littafi a ƙarƙashin katifa, ta ɓangarensa. Na yarinyar nan ne. Ba na karanta abin mutane, amma gidana ne.

Ta ja layuka da rula, tsaf, kamar yadda na koya mata tun tana firamare. Rana, lokaci, makaman shanya nawa suka shiga kwano a minti biyar. Biyu. Uku. Uku. Biyar. Shida. A gefe ta zana hannu, ta sa wa kowace tsoka suna, sunayen da ban taɓa ji ba, ni mai taƙama da ƙasusuwa. Ta rubuta inda yake gajiya, da minti nawa ta ba shi ya huta, da bugun jininsa kafin da bayan. Ashe tana hutar da shi.

A ƙasan shafin Alhamis ta rubuta: "Baba ya ce in ɗaure na hagun, wai yana yi masa sata. Mun yi dariya."

Bayan wannan layukan a jaye suke har ƙarshen wata, babu komai a ciki.

Na mayar da shi inda yake. Ko ma shi ya ce, ai ya kamata ta san abin da ya dace. Yaro ba ya ɗaure babba.

Na ƙona shinkafar rana.

Talata, 1 ga sabon wata, 5:00 na yamma

Mun je.

Laraba, 2 ga wata, 10:30 na safe

Jiya ban iya rubutu ba.

Ɗakin gashi ba kamar sauran asibiti ba ne. Ƙwallaye, igiyoyin roba, sandunan dafawa, keken da ba ya zuwa ko'ina. Wani tsoho yana takawa tsakanin sanduna biyu, matarsa tana zaune a benci ta harɗe hannuwa tana kallo. A raina na ce wannan wace irin mata ce.

Likitar gajeriya ce, mai furfura a gaban goshi. Ta buɗe fayil, ta duba ranar da aka sallame mu, ta duba kalandar bango, ta rufe fayil ɗin. Ta ɗauko wani ma'auni kamar wanda muke auna kusurwa da shi a ajin lissafi, ta ɗora a wuyan hannunsa, ta rubuta. Ta gwada buɗe yatsun. Ta sake rubutawa.

"Mama, wa yake ba shi abinci?"

"Ni."

"Ruwan sha fa?"

"Ni."

"In zai juya a gado?"

Na ce ai shi ya sa ake aure.

Ta cire tabarau ta ce, "Mama, kin iya jinya. Kin iya ta har ta yi yawa."

Ta faɗi wasu abubuwa a kan makonnin da suka wuce. Ba sai na rubuta ba, na ji. Ta ce ba a rufe ƙofa ba, amma aikin da za a yi yanzu ya ninka, kuma ba za ta yi mini alkawarin komai ba.

Malam ya tattara ƙarfinsa ya ce, "Agogo?"

Ta dafa kafaɗarsa. "Mu fara da kofi, Baba."

Da za mu fita ta sake kallon fuskarsa ta ce, "Kai ne mai gyaran agogo, ko? Ina 'yar nan taka mai tambayar tsiya? Ta shiga karatun kuwa?"

Ban san sun san juna ba.

Alhamis, 3 ga wata, 4:05 na yamma

Ban jira ta kira ba. Na ce in babu jarrabawa ranar Asabar, ubanki yana nemanki. Ta ce to.

Asabar, 5 ga wata, 1:30 na rana

Ta zo. Ta shiga wurinsa, ta ɗaga ƙyallen, ta riƙe hannun. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jiran ta juyo ta kalle ni. Da ta kalle ni da na san abin da zan ce. Ba ta juyo ba.

Daga baya muna kicin, tana yanka albasa, na ce a ina likitar nan ta san ki?

"Kin tuna da na gurɗe ina aji uku?"

"Na tuna na hana ki gudu kika ƙi ji."

"Kin kwantar da ni wata guda. Da na tashi ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa. Kin tuna Baba ya ce zan riƙa taya shi zaman shago duk Talata?"

Na ajiye ludayi.

"Wurinta yake kai ni. Ta sa ni in riƙa rubuta a, ba, ca da babban yatsan ƙafa a iska. Na ce mata wannan me zai yi? Maimakon ta kore ni sai ta ɗauko wata ƙafar roba mai buɗewa, ta nuna mini abin da ke ciki, wannan yana jan wannan, wancan yana riƙe wancan. Ta ce jiki abin da ake nema a wurinsa shi yake riƙewa, abin da aka daina nema sai ya sake shi. Umma, na yi sati ina taɓa dunduniyata ina mamaki. Kamar bayan agogo ne in Baba ya buɗe, sai dai wannan yana gyara kansa in an san yadda za a tambaye shi. Tun ranar na san abin da zan karanta. Ba gudun ba ne ma. Gudun ne dai ya kai ni."

"Ashe kun daɗe kuna yi mini rufa-rufa, ke da ubanki."

"Ke ma ai kin daɗe kina ce wa mutane nas nake karanta."

"Aikin asibiti na ce."

"Matar mai shagon kusa har allura ta ce in yi mata."

Na kusa yin dariya. Ban yi ba, don kada ta samu fuska.

Akwai tambayar da nake so in yi mata, a kan sati ukun nan. Ta san lissafin abin, na ga littafinta. Ban yi ba. Ita ma ta ci gaba da yanka albasa, har ta yanka wadda ta fi ƙarfin tukunyar.

Lahadi, 6 ga wata, 3:00 na rana

Jarrabawarsu za ta fara ranar Laraba, sati uku. Ta ce za ta bari ta zauna. Na ce ko kusa. A gidan nan ba a fara abu a bar shi.

Don haka yau ni aka zaunar ana koya wa. Yadda ake miƙar da yatsu a hankali, daga wuyan hannu zuwa sama. Sau nawa. Inda ake tsayawa in ya ji zafi. Ta kama hannuna ta ɗora a kan nasa ta gyara mini riƙo. Duk wannan mai sauƙi ne.

Sai ta ce, "Saura mai wuyar. In yana ƙoƙarin abu, ko ya kira ki, kada ki yi masa. In ba za ki iya kallo ba ki fita."

"Mijina ya kira ni in ƙi zuwa?"

"In dai ba faɗuwa ya yi ba."

Na kalli Malam ko zai tsawata mata. Ya gyaɗa kai. Ita ya gyaɗa wa.

Ta tafi da motar ƙarfe biyu.

Litinin, 7 ga wata, 9:40 na safe

Ya kira sau ɗaya, na je. Na ba shi shayin. Ya sha yana kallon bango.

Talata, 8 ga wata, 6:00 na yamma

Wurin gashi. Ma'aunin bai canza ba. Ta ce kwana bakwai ba sa nuna komai. Na zauna a benci kusa da matar nan.  Na lura ashe ba harɗe hannuwa take yi ba, riƙe su take.

Laraba, 9 ga wata, 11:50 na safe

Bayan wanka na zura masa riga, na bar maɓallan. Biyar ne. Na ce, "Malam, yau kai za ka ɓalla."  Ya tura hannun hagu ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai. Na fita na tsaya a bayan ƙofa.

Na ji yana nishi. Na ji ya ce wani abu da ban taɓa jin ya faɗa ba. Bayan minti goma ya kira ni. Tun da na shigo gidan nan ban taɓa bari ya kira ni sau biyu ba. Ya kira na biyu. Na riƙe ƙarfen taga. Ya kira na uku, a hankali, sannan ya daina. Shirun ya fi kiran wuya.

Minti arba'in na yi a tsaye. Da na shiga ya jiƙe da gumi, hannun ya faɗi a kan cinya a dunƙule kamar kullum. Hagun kuma yana waje, ban san lokacin da ya fito ba, ban kuma tambaya ba. Maɓalli ɗaya ya shiga. Na biyu ne, a ramin na uku. Rigar ta karkace, kwala ɗaya a kunne, ɗaya a ƙirji, cikinsa a waje.

A daidai lokacin Yaya ta yi sallama, da maƙwabta biyu a bayanta. Ban samu na ɗauko ƙyallen ba. Ta tsaya ta kalle shi, ta kalle ni.

"Haba, ke kuwa. Haka kika bar mini ɗan'uwa kamar marar gata?"

Ta miƙa hannu za ta ɓalle ta gyara. Na riƙe mata wuyan hannu. Yayar mijina, a gaban baƙi.

Na ce, "Bar shi, Yaya. Shi ya ɓalla da kansa."

Haka ya zauna har suka tafi.